Barka da Sallah daga gefen tsibirin Poros

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Da fatan an sauko idi lafiya. Ni ma lafiyata ƙalau, sai dai kewarku da ta tashe ni tun kafin asuba.

Yau kwananmu tara a gefen Poros, wani tsibiri na ƙasar Girka. Ruwan da ya raba shi da tudu siriri ne, a wani wurin kamar mita 200, har fitilun garin Galatas muke gani da dare. Jirginmu ƙarami ne na yawon shaƙatawa, daga maigidana da matarsa sai ni. Ba mu shiga tasha ba, ƙugiya muka jefa ƙasan ruwa, ita ke riƙe da mu. Duk safiya nakan wanke saman jirgi, in duba sarƙa, sannan in hau kwalekwalen roba in je gari sayen burodi. Ruwan daɗi a tanki yake, da lissafi ake taɓa shi, don haka da ruwan teku nake alwala. Wayar nan ma da hasken rana na yi mata caji.

Baba, akwai tambayar da nake so ka kai wa Malam. Jirgin nan ba ya tsayawa wuri ɗaya, kewaya ƙugiyarsa yake yi yadda iska ta so. Alƙibla a nan kudu maso gabas take. Sai in kabbarta ina fuskantarta sosai, kafin in yi sallama hasumiyar agogon garin da ke damana ta koma bayana. Abin yana damuna ƙwarai.

Idi ban samu ba. Masallacin da na sani yana Atina, babban birnin ƙasar, wanda aka buɗe a 2020, ga shi iska ta taso tun jiya, dole a samu mai lura da ƙugiya kada ta zame. Na saka farar shaddar da Inna ta ɗinka mini, na zauna a gaban jirgi na yi ta kabbara ni kaɗai.

Inna, ba komai ke cina ba sai suyar kayan ciki. Na san yanzu an kafa kaskon nan a tsakar gida, kitse ya narke, hanta da tumbi da hanjin da Goggo ke kitsawa suna ta ƙara a cikin mai. Na san kina tsamo ta farko ki barbaɗa mata yaji ki miƙa wa Baba, mu kuma mu kewaye murhu, hayaƙi na shiga idonmu ba mai matsawa. Ƙamshin nan har a riga yake kwana. Gobe kuma romon kai da ƙafa. Matar maigidana da ta ga na yi shiru ta tambaye ni, na ba ta labari. Ta ce su ma a bikin Ista rago guda suke gasawa a jikin ƙarfe. Ta soya mini kifin da na kama, ta matsa masa lemon tsami. Allah ya saka mata, na ji daɗi har raina, amma hankalina na wurin kaskonki.

A gaishe mini da Kaka, a gaishe ta sosai. A ce mata carbin da ta ba ni yana wuyana, kuma ta daina kuka, ruwa bai cinye ni ba. Yaya ƙafar tata? A ci gaba da shafa mata maganin. Auta, goron Sallarki yana cikin abin da na aiko, ki saka lalle ki turo mini hoto. Ina gaida Yaya da iyalinsa, da Kawu, da Goggo, da maƙwabta baki ɗaya.

Inna, ki ajiye mini soyayyen naman cikin mansa, ko tsoka biyar ce. In Allah ya yarda ina tafe idan sanyi ya shigo aka ɗaure jirgi.

Naku,
ɗanku na kan ruwa