Wasiƙa Zuwa ga Edita: Bahagon Makaɗin Jita da Ya Fara Daga Sakkwato

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani mawaƙi kuma makaɗin jita wanda sunansa ya kai Amurka da Turai, alhali mu da muke maƙwabtansa na kusa ba kasafai muke jin an ambace shi ba. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, amma duniya ta fi saninsa da Mdou Moctar, kuma Ba'abzine ne daga Jamhuriyar Nijar.

Ni tsohon malamin firamare ne, ina zaune a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Maigatari, kuma duk ranar Alhamis nakan shiga kasuwa ko da ba ni da abin saye, domin a nan ne ake jin labarin duniya kafin rediyo ta faɗa. A rumfar wani yaro mai cajin waya da tura waƙoƙi na fara jin kiɗan mutumin nan. Wani Buzu mai fataucin raƙuma ne ya kawo wayarsa caji, ya roƙi a kunna masa a lasifika. Abin da ya fito ya sa na fara toshe kunne, domin jitar lantarki ce take kuka kamar ana jan ƙarfe a kan ƙarfe, ganguna kuma suna bin ta a guje. Amma da na ɗan saurara, sai na ji wani abu da na sani a ƙarƙashin wannan hayaniya: tafiyar kiɗan irin ta raƙumi ce, amshin kuma irin wanda muke ji ne a bukukuwan mutanen arewa da mu. Bafataken ya ce mini wannan ai ɗansu ne, kuma a ƙasarmu ya yi faifansa na farko. Wannan magana ce ta sa na bi sawun labarin, da taimakon ɗan ƙanena da ya iya intanet.

An haife shi a tsakiyar shekarun 1980 a yankin Tahoua, cikin gidan da ba a yarda da kiɗa ba, kamar yadda gidajenmu da yawa suke. Tun yana yaro ya ga Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin dattawan makaɗan jita na Abzinawa, yana wasa, sai abin ya shiga ransa. Da yake babu mai saya masa jita, kuma ba abin da zai iya roƙa a gida ba ne, sai ya samo katako ya sassaƙa tasa, ya ɗaura mata wayar birkin keke a matsayin tsirkiya, ya riƙa koyo a ɓoye. Wanda ya san kuntigin marigayi Ɗanmaraya Jos ba zai yi mamakin wannan ba, tun da kuntigi ma sau da yawa da gwangwanin kifi ake yin cikinsa, a rufe da fatar akuya, a ɗaura tsirkiya ɗaya, amma da shi aka yi waƙoƙin da har yau ba su tsufa ba. Ga shi kuma bahago ne, da hagu yake kaɗawa, abin da ya ƙara masa wahala, domin akasarin jitar da ke yawo a ƙasashenmu ta masu hannun dama ce.

Inda labarin ya fi shafarmu shi ne shekarar 2008, lokacin da ya tsallako iyaka ya zo Sakkwato ya naɗi faifansa na farko mai suna Anar. Duk wanda ya rayu a wancan zamani zai tuna yadda waƙoƙin finafinan Hausa suka mamaye ko'ina, da kiɗan fiyano da gangar kwamfuta da kuma na'urar nan mai lanƙwasa murya har ta zama siririya tana rawa. Da wannan salo namu aka yi masa faifan, yana waƙa da Tamashek, wato Buzanci, amma rigar da aka sa wa waƙar ta situdiyon Hausa ce. Ba a kai faifan kanti ba, ba a yi masa talla a rediyo ba. Waƙoƙin suka riƙa bin memori da bulutut daga waya zuwa waya, daga direba zuwa fasinja, daga tasha zuwa tasha, har suka kai Mali da Muritaniya, a wayoyin mutanen da ba su ma san sunan mai waƙar ba.

Ta wannan hanya wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ya kafa kamfanin faifai na Sahel Sounds a birnin Portland, ya ci karo da muryarsa yayin da yake tattara waƙoƙin da ke cikin wayoyin mutanen Sahara. Ya sa ɗaya daga ciki a wani kundi da ya fitar a 2011, sannan ya yi ta cigiya har ya gano mai ita. A 2015 suka fitar da fim ɗin da suka yi tare a Agadas da harshen Tamashek, wanda aka gina a kan wani shahararren fim na mawaƙin Amurka Prince. Wani abin ban dariya shi ne, sunan fim ɗin na asali yana ɗauke da kalmar launin shunayya, su kuwa ba su da kalma guda ta wannan launi, sai suka kira nasu ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki.

To, Malam Edita, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wannan mutum ya ɗanɗana kiɗan kwamfuta a wurinmu, ya ga sauƙinsa, amma bai zauna a kai ba. Ya koma Agadas ya riƙa kiɗan bukukuwan aure a filin Allah, da janareta da lasifika da ƙura, inda babu na'urar da za ta rufa wa makaɗi asiri idan yatsunsa ba su gwanance ba. A irin wannan fage ne hannunsa ya nuna. Ya haɗa ƙungiya ta mutum huɗu: shi da jitarsa ƙirar Fender Stratocaster, da Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu, da Souleymane Ibrahim mai ganguna, da wani Ba'amurke Mikey Coltun mai jitar da ke ba da kauri a ƙasa. A 2019 suka fitar da faifan Ilana da suka naɗa a birnin Detroit, a 2021 kuma kamfanin Matador ya fitar musu da Afrique Victime, wanda ya sa masu sharhin kiɗa a Amurka da Ingila suka fara jera sunansa da manyan makaɗan rok mai ƙarfi, wato kiɗan jitar lantarki irin na Turawa. Sukan kwatanta shi da Jimi Hendrix, wanda shi ma bahago ne kuma ya rasu a Landan a 1970 yana da shekara 27, da kuma Eddie Van Halen, wanda ya yi suna wajen buga tsirkiya da yatsun hannu biyu a kan wuyan jita. Kwatancen bai ɓata mini rai ba, amma ina ganin bai cika ba, domin su da tsinken roba akasari suke kaɗawa, shi kuwa da yatsa yake fizgar tsirkiya, kamar yadda mai molo ko mai gurmi yake yi, kuma zagayen kiɗansa, wanda yakan faro a hankali ya yi ta ƙara gudu har sai masu rawa sun jiƙe, daga takamba da tande, kaɗe-kaɗen gargajiyar mutanensu, ya gado shi.

Mu fa? A ƙauyenmu, lokacin da nake saurayi, akwai mai garaya da ke yi wa mafarauta kiɗa, akwai mai gurmi, akwai masu kalangu da ba a ɗaura aure sai da su. Yau duk sun kwanta dama ko sun tsufa, kuma ban san yaro ko ɗaya da ya gaje su ba. Idan biki ya zo, sai a ɗauko mai lasifika daga Gumel ya zo da kwamfutarsa. Yaran da ke sha'awar waƙa, abin da suke tara wa kuɗi shi ne kuɗin mota zuwa situdiyo a Kano, inda mutum ɗaya zai zauna gaban fiyano ya haɗa musu kiɗan da ya haɗa wa mutum goma kafin su. Ba ina raina waƙoƙin zamani ba ne, akwai masu ma'ana a cikinsu, kuma jikokina suna son su. Abin da ke damuna shi ne, baƙon da ya zo ya ari salonmu ya gane cewa salon tsani ne kawai, ya taka ya wuce ya koma ga hannunsa, mu kuwa masu tsanin har yanzu a kansa muke zaune.

Sai kuma batun abin da yake faɗa, wanda a ganina shi ne ya halatta masa wannan ƙara. Ba ƙarar banza ba ce. Yana waƙar soyayya kamar kowa, amma mafi yawan kaifin harshensa yana kan halin da Afirka take ciki, da yadda Faransa ta riƙe tsoffin ƙasashen da ta mulka, da kuma tsoron kada yaran Abzinawa su watsar da harshensu su rungumi Faransanci. Wanda ya san garin Arlit da ke arewacin Nijar zai fahimci fushinsa. Daga farkon shekarun 1970 kamfanonin Faransa sun shafe shekaru da dama suna haƙar yuraniyom a can, Faransa kuwa tana samun wajen kashi biyu bisa uku na lantarkinta daga makamashin nukiliya, amma ƙauyukan Nijar da yawa har yau da tocila da fitilar kwai suke kwana, kuma babban kaso na wutar da ƙasar take amfani da ita daga Najeriya aka saba sayo shi. Mutumin da ya tashi yana kallon wannan, idan ya sami lantarki ya jona jitarsa a gaban dubban Turawa, ban ga laifinsa ba idan ya ƙure murya.

Ranar 26 ga Yuli 2023, sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai, lokacin shi da abokansa suna rangadin wasa a Amurka. Aka rufe iyakoki, suka maƙale a can na wani lokaci, ba su iya komawa ga iyalansu ba. Mu nan Maigatari mun san ɗacin wannan rufewa, domin watanni muka yi kara tana kusan zama kufai, dillalai suna zaman kashe wando, dangi na nan da na Damagaram ba sa iya ziyartar juna sai ta ɓarauniyar hanya. A cikin wannan zaman jira ne suka sake naɗar waƙoƙin sabon faifansu da jitar katako marar lantarki. Faifan mai ƙara, Funeral for Justice, ya fito a 2024, mai sanyin kuma, Tears of Injustice, ya biyo baya a 2025. Ni dai, a shekaruna, na biyun ya fi kwanta mini, kuma shi nake sa yaro ya kunna mini idan na dawo daga gona.

Na san za a sami masu cewa bai dace dattijo ya ɓata tawada a kan makaɗi ba. Maganar hukuncin kiɗa ta malamai ce, ba ni da hurumin yanke ta, kuma shi kansa mutumin ya fara fuskantar wannan tambaya ne a cikin gidansu. Abin da na gani da idona a hotunan wasanninsa shi ne, duk inda ya hau dandamali, a kowace ƙasa, da rawaninsa da doguwar rigarsa yake hawa, kuma da harshen uwarsa yake waƙa ga mutanen da ba sa jin ko kalma ɗaya, amma suna biyan kuɗi su cika fili. Ba shi kaɗai ba ne ma. Ƙungiyar Tinariwen ta Abzinawan Mali ta karɓi lambar yabon kiɗa ta Grammy a 2012, ga kuma Bombino ɗan Agadas da shi ma ya zaga duniya da jitarsa.

Saboda haka, Malam Edita, roƙona biyu ne. Na farko, wakilinku na Sakkwato ya binciko situdiyon da aka naɗi Anar da mutanen da suka yi aikin, idan suna nan, a ji ta bakinsu yadda aka yi, domin wannan ɓangare na tarihin namu ne kuma mu ya kamata mu rubuta shi, sannan idan da hali a nemi shi kansa mawaƙin a yi hira da shi. Na biyu, shafinku na al'adu ya riƙa leƙowa karkara yana nemo sauran masu garaya da gurmi da kukuma da suka rage a ƙauyukan Jigawa da Kano, a ɗauki hotonsu da labarinsu, a faɗi garuruwan da suke, ko wani yaro mai sha'awa zai karanta ya san ƙofar da zai je ya yi sallama. Idan wakilin naku ya zo ta wajenmu ranar Alhamis, ya tambayi tsohon malamin makaranta a rumfar masu cajin waya da ke kusa da karar raƙuma, zan raka shi wurin wani tsoho mai gurmi da ke ƙauyen gaba da namu.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Tsohon malamin firamare,
Ƙaramar Hukumar Maigatari, Jihar Jigawa.