Koke Zuwa Ga Mai Martaba Lamidon Garwa Kan Mutuwar Yara da Mata Masu Haihuwa

Zuwa ga Mai Martaba Lamidon Garwa,
ta hannun Sarkin Hausawa.

Assalamu alaikum warahmatullah. Allah ya ja zamanin Lamido, ya ƙara masa lafiya da nisan kwana.

Mu dattawa da limamai da 'yan kasuwa da shugabannin mata na unguwannin Hausawa a Garwa, tare da 'yan'uwanmu na ƙauyukan bakin Binuwai, muna gaisuwa. Mun san fada ba asibiti ba ce. Amma ɗa idan abu ya dame shi, gidan ubansa yake nufa.

Ranka ya daɗe, abin da ya tada wannan magana wata takarda ce. Wani malamin makaranta a cikinmu ya zo da rahoton binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta Kamaru ta yi tare da UNICEF a 2014, ya karanta mana bayan sallar isha'i, yana juya Faransancin zuwa Hausa. A cikin yara 1,000 da aka haifa da rai, waɗanda suka rasu kafin su kai shekara biyar 42 ne a Yawunde. A Kamaru baki ɗaya 103. A jihar Arewa Mai Nisa 154. Da ya iso kan jiharmu ta Arewa sai ya ɗan tsaya, sannan ya ce 173. Wani tsoho da ya binne jikoki biyu ya sa aka maimaita masa, ya lissafa da yatsu, ya ce ashe kusan ɗaya cikin shida ke nan. Ninkin na Yawunde huɗu, alhali ƙasa ɗaya, tuta ɗaya, haraji ɗaya.

Ba mu zo mu ce ba a yi komai ba, don Allah ba ya son butulci. Mun ji cewa mutuwar mata wajen haihuwa ta sauko daga 782 cikin haihuwa 100,000 a binciken 2011 zuwa 406 a na 2018. Tun 2016 ake bi gida-gida da damina ana ba ƙananan yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, kuma mun ga amfaninsa a ɗakunanmu. Akwai takardar nan ta masu ciki, Chèque Santé, ta sefa 6,000, wadda ke ɗauke awo da haihuwa har da tiyata idan ta kama. A Janairun 2024 Kamaru ce ta fara saka allurar rigakafin maleriya cikin alluran yara na yau da kullum. Garwa kanta yanzu tana da makarantar koyon aikin likita. Duk mun gode.

Sai dai adadin ƙasa baki ɗaya kamar a haɗa kuɗin attajiri da na ɗan dako ne a raba biyu, a ce kowannensu yana da rufin asiri. Binciken 2018 ɗin nan da ake murna da shi, shi ne kuma ya nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na haihuwa a ƙasar a asibiti ake yin ta, amma a Arewa da Arewa Mai Nisa ba ta kai ko rabi ba. Binciken talauci na 2014 ma haka: kashi 37.5 cikin ɗari a ƙasa, kusan 68 a jiharmu, sama da 74 a Arewa Mai Nisa, Duwala kuwa ba ta kai 5 ba. Matar da za ta zaɓa tsakanin kuɗin babur zuwa awo da kuɗin cefanen yau, an san wanda za ta zaɓa.

Akwai kuma waɗanda ba su shiga rajistar kowa ba, su ne suka fi ci mana rai. A daminar da ta wuce, a wani gida cikinmu, yarinya 'yar shekara biyu ta kwana biyu da zazzaɓi, ana ba ta ƙwayar kanti. Dare na uku ta fara jijjiga. Uban ya goya ta a babur zuwa ƙaramin asibiti, ya sami ma'aikaci ɗaya tak yana duba mutane da fitilar wayarsa. Ya buɗe idon yarinyar, ya ga fari fat, ya ce jini take buƙata, a wuce babban asibiti. Kafin a haɗa kuɗi a nemo mai ba da jini, rai ya yi halinsa a hanya. Aka juyo gida, aka yi mata sutura kafin azahar. Ba ta da takardar haihuwa, ba a yanka mata ta mutuwa ba. A wurin hukuma, wannan yarinya ba ta taɓa zuwa duniya ba. Kowane mai unguwa zai iya kawo wa Lamido irin wannan labari.

Mu ma muna da namu laifin, ba za mu ɓoye ba. Akwai magidancin da zai tafi cin kasuwa bai bar izini ba, naƙuda ta kama matarsa, kowa ya tsaya jiran dawowarsa. Akwai mai rufe ƙofa idan ya hango masu allura. Wannan gyaran namu ne, limamanmu sun ɗauki alkawarin faɗa a huɗuba.

Babban roƙonmu shi ne a dawo mana da lissafinmu. Masu bincike suna shigowa gidajenmu, a shimfiɗa musu tabarma, su tambayi matanmu haihuwa nawa, rayayyu nawa, su tafi. Amsar tana ƙarewa cikin littafin Faransanci a Yawunde. Muna roƙon Lamido ya gayyaci jami'an lafiya na jiha ko da sau ɗaya a shekara, su zo fada su karanta alƙaluman kowace gundumar lafiya daban, da Fulatanci da Hausa: yara nawa suka rasu, mata nawa, ungozoma nawa ke aiki, mutum nawa ke kan likita ɗaya. A jera na cikin gari da na ƙauye, a jera namu da na kudu. Jumlar jiha ma tana rufe abu, domin mai zama kusa da babban asibiti ba ɗaya yake da na hayin kogi ba, wanda ruwa ke yanke wa hanya a watan Agusta.

Muna kuma roƙon a umarci lawanai da jaurawa, wato dagatai da masu unguwanni, kowa ya ajiye littafi, duk haihuwa da duk rasuwar yaro ko mai jego a rubuta, a riƙa miƙa wa asibitin yankin kowane wata. Ba a sallar gawa ba tare da liman ya sani ba, don haka aikin ba zai gagara ba.

Sannan a isar mana da kuka sama kan ungozoma mai kwana a ƙananan asibitoci, da tanadin jini kafin damina ta yi nisa. A kuma manna sanarwa a ƙofar kowane asibiti, abin da yake kyauta da abin da ake biya, don mutane da yawa ba su san maganin maleriya na yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne ba. Wannan fada ta san hanyar ma'aikatar lafiya: marigayi Lamido Alim Hayatou, Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana ƙaramin minista a can har rasuwarsa a 2021.

Idan Lamido ya ba da rana, wakilanmu maza da mata za su zo da sunayen gidajen da aka yi rashi bana.

Allah ya taimaki Lamido.

Mu ne talakawanka,
Dattawa, limamai, 'yan kasuwa da shugabannin mata na al'ummar Hausawa, Garwa.