Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya Kan Abokin Mai Shaye-Shaye

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan mutumin da ba kasafai ake tunawa da shi ba idan ana tsara yaƙi da shaye-shaye, wato abokin wanda ya kamu. Shi ne yake fara lura cewa barci ya rikice, bashi ya yi katutu, tun kafin iyaye su farga, kuma galibi shi ne yake wurin ranar da ƙwaya ta fi ƙarfin jiki.

Na taɓa shiga wannan hali. Na tarar da aminina kwance, numfashinsa yana fita da ƙyar, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar tsinin allura, ina kiran sunansa ina jijjiga shi, ko motsi ba ya yi. Na daɗe tsaye ina tunanin ko kai shi asibiti zai jawo a kama shi. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma har gobe wannan jinkirin yana damuna, domin tsoro da rashin sani ne suka ɗaure mini hannu.

Ranka ya daɗe, tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sa maganin nalokzon a hannun waɗanda za su iya tarar da mai shaye-shaye a wannan hali, har da abokai da 'yan uwa. Kodin da hiroyin da danginsu suna danne sashen ƙwaƙwalwa mai kula da numfashi, shi kuwa nalokzon yana warware wannan cikin 'yan mintuna, kafin a isa gaban likita. Akwai kuma abin da yawancinmu ba mu sani ba: wanda ya daina na wasu makonni sannan ya koma ya fi shiga haɗari, saboda jikinsa ba ya iya ɗaukar adadin da ya saba sha a da.

Roƙona shi ne ma'aikatarku ta samar da nalokzon a ƙananan asibitoci, ta koya wa abokai alamomin haɗari da yadda ake kwantar da wanda ya suma a kan gefensa. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa, ku zauna da hukumomin tsaro a fito da doka bayyananniya cewa wanda ya kawo abokinsa asibiti ba za a tsare shi ba, ba kuma za a tsare majinyacin ba.

Na gode, Allah ya taya ka riƙo.