Gaisuwar Babbar Sallah daga Girinsboro

Assalamu alaikum Baba, da Inna, da duk mutanen gida.

Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana, ya karɓi layyar kowa. Yaya ya shaida mini kuɗin rago sun iso da wuri, har an samo balami mai kyau kafin kasuwa ta yi zafi. Alhamdu lillahi. Mu ma nan mun yi idi lafiya, kuma ƴan Nijar ba mu da kaɗan a garin nan, har da ƴan Damagaram. Sai dai layyar tamu ta Amurka ce: ka je gona a bayan gari, a yanka maka, a ba ka nama cikin leda. Babu jera raguna a jikin sanda a bakin wuta, babu hawan Sarki, babu algaita.

Baba, na ɗauki alkawarin ba ku amsa a kan hoton barewar nan da na aiko. Kun ƙirga rassan ƙahonta kun ce takwas ne, don haka shekararta takwas. Ni ban isa in yi gardama da ku a kan dabba ba, ku da kuke duban bakin rago sau ɗaya ku faɗi shekarunsa. Amma wannan halittar daban take, kuma aikina ya tilasta mini saninta, domin a gonar da nake aiki itatuwan dashe muke renawa, ita kuwa ita ce babbar mai yi mana ɓarna.

Ƙahon rago, ko na sa, ko na barewarmu ta Tarmit, sau ɗaya yake fitowa, ya yi ta ƙaruwa har dabba ta mutu. Kube ne a waje, ƙashi a ciki. Na barewar nan mai farar wutsiya kuwa ƙashi ne zalla, namiji kaɗai ke da shi, kuma kowace shekara faɗuwa yake yi, wani sabo ya tsiro. Na san Kawu zai ce ƙarya ce ta mutanen turai. Ku ce masa da hannuna nake tsintar su a cikin ciyawa, tsakanin Janairu da Maris.

Ana haihuwar ƴaƴansu a watan Mayu da Yuni, wato yanzu. Ɗan namiji in ya kai kamar wata 6, sai ka ga ƴan ƙulu biyu a goshinsa, a ƙarƙashin gashi. Waɗannan su ne gindin da duk ƙahon da zai yi a rayuwarsa zai riƙa tashi a kai. Ƙahon farko na sosai sai shekara ta zagayo, yana da shekara 1 da rabi. A nan ne lissafin rassa yake rushewa. Wani ya fito da tsinke biyu miƙaƙƙu, babu reshe ko ɗaya. Sa'ansa, wanda aka haifa wata ɗaya da shi, ya fito da rassa shida ko takwas, sirara. Bambancin yawanci daga ci ne, da lafiyar uwa, da lokacin haihuwa: wanda aka haifa a makare bai samu ya yi jiki ba kafin sanyi, sai ƙahonsa ya fito a tsamure. Mafarautan nan sun daɗe suna gardama a kan mai tsinke biyun, wasu na cewa mugun iri ne, a harbe shi tun da wuri. Ni dai ina tare da masu cewa a ƙyale shi, don da yawansu in suka samu shekara biyu ko uku sai su kamo sa'o'insu.

Dalili kuwa, ƙaramin namiji jikinsa yake ginawa tukuna. Abin da ya ci ƙashi da tsoka ke fara ɗauka, ragowar ce take zuwa ƙaho. A shekara 1 da rabi ƙahonsa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da zai iya yi ba. A shekara 3 da rabi ya kai wajen kashi uku cikin huɗu. Sai ƙashin jikinsa ya gama girma, wajen shekara 4 da rabi, sannan ƙaho yake samun rabonsa cikakke, ya yi kauri, ya buɗe ya wuce kunnuwa. Ganiyarsa tsakanin shekara 5 da 7 ce. In tsufa ya kama shi, haƙora suka cinye, ƙahon ma baya yake komawa. Wanda ke cikin hoton nan, in aka dubi siririn wuyansa da dogayen ƙafafunsa, da wuya ya haura shekara 2 da rabi. Su ma masana na nan in suna son sanin shekaru, muƙamuƙi suke buɗewa su dubi haƙori, yadda kuke yi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda yake tsirowa. A wannan watan ƙahon bai yi tauri ba. Fata ce ta lulluɓe shi, mai gashi laushi kamar na jikin ɗan kuka, cike da jijiyoyin jini, in ya ji rauni jini yake zubarwa. Shi ya sa a irin wannan lokaci mazan ba sa karo, in faɗa ya kama su da ƙafafun gaba suke yi. Girman kuma da sauri, wajen rabin santimita ko fiye a yini ga babban namiji. Ciyawa ba ta isa ta ba shi sinadarin ƙashin da yake bukata, har sai jiki ya ranto daga haƙarƙarinsa, ya biya daga baya. Ikon Allah ke nan. Kuma in ya karye a ƙafar baya ta dama, sau da yawa ƙahon hagu ne yake fitowa a karkace.

Tsawon yini ne yake juya al'amarin duka. A Zinder rana ba ta cika sauya tsawonta ba, amma nan yanzu yini ya kai awa 14 da rabi, a Disamba kuwa ba ya cika awa 10. Da yini ya ƙara gajarta, wajen ƙarshen Agusta, sai jinin mazakuta ya motsa, jijiyoyin su toshe, fatar ta bushe. Daga nan wahalarmu take farawa. Namiji ya zo da dare ya goga ƙahonsa a jikin ƙaramin icce har ya saɓule ɓawon, kuma iccen da aka saɓule wa ɓawo kewaye ya mutu ke nan. Haka za su yi ta yi har lokacin barbararsu a Nuwamba. Tun kafin nan muke bin dashe ɗaya bayan ɗaya muna naɗe masa roba. Bayan barbara jinin ya kwanta, gindin ƙahon ya yi sanyi, wata rana ya girgiza kai kawai ya yar da shi. Wanda ba a tsinta ba, kurege da ɓeraye su gwaguye.

Auta ya tambaya ko ana layya da barewar nan. Namanta halal ne in an yanka, amma layya sai da rago, ko akuya, ko sa, ko raƙumi. Ya koma ya tambayi malaminsu.

Inna, ki yi haƙuri da maganar soyayyen naman da kika ce za ki ajiye mini. Ba a barin nama ya shigo ƙasar nan, a filin jirgi za a karɓe. Ki raba wa Gwaggo da yara. Kuɗin barka da Sallah na ƴan mata suna wurin Yaya, kowa jaka biyu, kada a manta da ƴaƴan maƙwabta. A gaida Kawu, da Liman, da duk dattawan ƙofar gida. In an yi shuka a sanar da ni, zan aiko da na taki.

Wassalam,
Ɗanku na Amurka