Abba, dan Allah ka karanta har ƙarshe

Assalamu alaikum Abba,

Tunda waya ta gagara tsakanina da kai, in na kira ko dai ta yi ta ringin har ta katse ko ka turo min "ina aiki Umma zan kira", to bari in rubuta. Magana ta zo min daga Kaduna, kuma kar ka ɓata lokacinka wajen neman wanda ya faɗa, masoyinka ne. An ce ka rame, ka daina zama da kowa, ko a masallaci da an sallame sai ka fice, sannan abin da ya hana ni barci, wai kusan kullum da daddare sai ka biya kemis ka sayi ƙwayar barci, har an ga kwalbar sirof a motarka. Ban ce na gaskata duka ba. Amma ni na haife ka kuma na ga idonka ranar da za ka tafi, shi ya sa ban ƙaryata ba.

Ba kukan rasuwar matarka Rahma nake hana ka ba, wallahi ni ma ina yi, yarinyar nan ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Manzon Allah (SAW) da kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, shekarar da ya rasa Nana Khadija da Abu Ɗalib kuwa har yau shekarar baƙin ciki ake kiranta. Annabi Yakubu kuka ya yi har idanunsa suka yi fari saboda Yusuf, to waye kai waye ni. Na san ka riƙe ni a zuciya saboda abin da na faɗa a zaman makoki, da na ce ka tashi ka wanke fuska ka fita wajen masu gaisuwa. Ko yau aka maimaita haka zan faɗa, mutane sun taso tun daga Gumel da Haɗeja, iyayenta na zaune a ƙofar gida, babanka ba ya raye, wa zai karɓe su? Na kwana uku nake nufi Abba. Ban taɓa cewa ka haɗiye abin ka ɗauke shi zuwa wani gari ka kulle kanka a ɗaki da shi ba.

Shekarun da na yi ina aikin nas na ga masu rashi iri-iri. Rashin barci, rashin cin abinci, mantuwa, mutum ya ji kamar muryar mamacin a tsakar gida, ya yi fushi da kowa ba dalili, duk wannan ba hauka ba ne kuma ba raunin imani ba ne, haka jiki da zuciya suke yi, kuma yawancin mutane a hankali abin yake sassautawa, yau da daɗi gobe babu, har su koma harkarsu suna tunawa suna addu'a. Amma akwai waɗanda nasu yake tsayawa cak, kamar mutum ɗaya cikin goma na waɗanda aka yi wa rashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da ta fara aiki da shi a 2022, wato baƙin cikin da ya wuce wata shida yana nan da ƙarfinsa kamar jiya aka yi, ya hana mutum aiki da mu'amala, yana gudun duk abin da zai tuna masa. Mu yanzu wata na takwas muke ciki, kuma kai ko hoton 'yarka Amira na tura maka ba ka buɗewa, ina gani ai a waya.

Na kuma san abin da ke cin ka, don ka faɗa wa Yaya Hadiza: da na kai ta tun magariba, da ban tsaya neman mota ba, da an samu jini da wuri. Abba ni na karɓi haihuwa ba adadi, zubar jini bayan haihuwa cikin awa biyu yana iya tafiya da mace lafiyayya ko tana kan gadon asibiti. A ƙiyasin 2023 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu wajen haihuwa a duk duniya a Najeriya suke. Duk mazajen nan su suka kashe matansu? Ka yi abin da za ka iya, kwananta ne ya ƙare.

Yanzu maganar ƙwaya, wadda ita ce ta sa ni zaman rubutun nan. Ka san abin da ya faru da Kawu Sani bayan rasuwar Inna, ba sai na tona ba, kana da wayo lokacin, ka ga yadda aka dawo da shi. Shi ma da rabin ƙwaya ya fara wai don ya samu ya runtsa. Diazefam da rochi da ire-irensu ba sa cire baƙin ciki, danne shi kawai suke yi, da safe ka tashi ka tarar da shi inda ka bar shi, bayan 'yan makonni guda ɗaya ba ta isarka sai biyu, in kuma ka haɗa da kodin ko tiramol numfashi suke dannewa, mutum ya kwanta shikenan. Kana gari a 2018 lokacin da gwamnati ta hana yi da shigo da sirof mai kodin, bayan an ce kwalba miliyan uku ake shanyewa kullum a Kano da Jigawa, kai da bakinka kake ce min Umma yaran nan sun lalace. To yau kai ne? Da iliminka da hankalinka? Yarinya ta rasa uwa tun ranar da ta zo duniya, so kake ta rasa uba kuma yana raye? Wallahi Abba in ka bari na binne ka saboda kwalbar sirof ban san yadda zan yi in yafe ba, na binne babanka, na binne Rahma, ya isa haka.

Ka yi haƙuri, zafin abin ne. Amma ka saurare ni da kyau a nan: in ka daɗe kana sha kullum, kar ka yanke lokaci ɗaya saboda na yi faɗa, yankewa farat ɗaya na iya jawo jijjiga kamar farfaɗiya. Likita ne zai rage maka a hankali.

Abin da nake so shi ne ka je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, nan kusa da kai, ko in kana jin nauyin a gan ka to ka zo gida mu je asibitin Malam Aminu Kano, suna da sashen. Na san me za ka ce, wai ni mahaukaci ne. Wannan tunanin zamanin dokar mahaukata ta 1958 ne, ita kanta gwamnati ta sauya ta da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023. Ba ɗaure ka za a yi ba. Kati za ka yanka, likita ya duba barcinka da abin da kake sha, sannan a haɗa ka da masanin halayyar ɗan Adam, shi ba allura ba ƙwaya, zama ne ku biyu kamar na awa ɗaya sau ɗaya a mako. Zai sa ka ba shi labarin daren nan daga farko har ƙarshe, ba sau ɗaya ba, har ya zama kana iya faɗa ba tare da ƙirjinka ya toshe ba. Zai zauna da kai a kan wannan "da na sani" ɗin ku duba shi ɗaya bayan ɗaya, wanne ne gaskiya wanne ne azabtar da kai kawai. Zai ba ka ɗan aikin da za ka yi a gida, yau ka buɗe hoto, wani makon ka shiga ɗakinta, wani makon ka ziyarci kabarinta. Irin wannan tsarin yawanci zama 16 ne ko kusa da haka, kuma abin da ka faɗa a ɗakin sirri ne, ko ni ba za a gaya wa ba. Da zafi a farko, ba zan ɓoye maka ba, gyambon da aka rufe ba a wanke ba ai dole ranar wankinsa a ji jiki.

Kuma kar wani ya ce maka zuwa can rashin tawakkali ne. Wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani. Ka riƙe sallarka da azkar ɗinka, ka yi mata sadaka, ka je wajen Malam Habu ku yi hira in kana so, duk ba su hana ganin likita ba. Ba kuma mantar da kai ita za su yi ba, in ma tsoron da kake ji kenan.

Tambaya ɗaya, kuma ina son amsar gaskiya: tunanin gara ka bi ta ya taɓa zuwa maka? In ya taɓa, ka kira ni a daren nan ko ƙarfe nawa ne, ba zan yi faɗa ba, ba zan gaya wa kowa ba, Sadiƙu zai kawo ni.

Amira ta fara rarrafe, haƙori biyu sun fito a ƙasa, kayan da ka aiko duk sun yi mata kaɗan. Kuɗin da kake turowa suna isowa, Allah ya ƙara buɗi, amma ba kuɗi na tambaye ka ba. Ka je Barnawa cikin makon nan ka turo min hoton katin, ranar Asabar kuma ka taho gida ko kwana ɗaya ne, in ba ka zo ba ni zan hau mota da ita a bayana, ka san kuma zan iya.

Allah ya jiƙan Rahma ya sa ta huta, kai kuma Allah ya yi maka albarka ya sanyaya zuciyarka.

Ummanka