Don Allah a daina sayar wa 'yan gwangwan tsofaffin talabijin

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan wani abu da na san wasu za su ce shirme ne, to su ce ɗin, ni dai ya dame ni.

Ranar kasuwarmu da ta wuce na ga wani yaro ɗan gwangwan ya ɗora talabijin irin ta da, mai ƙaton bayan nan, har guda uku a baro, na tsayar da shi na ce ina za ka kai su, ya ce fasawa zai yi ya cire jan ƙarfen da ke ciki. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Ɗaya a ciki ma lafiyarta ƙalau, mai ita filasma ya saya shi ne ya ga ta tsare masa ɗaki. Na biya yaron abin da ya ce na sa aka kai min ita gida a mashin, ita ce yanzu ta biyu a shagona.

Shagon da nake faɗa ba na saye da sayarwa ba ne, ɗakin ƙofar gida ne da ke jikin zaure, wanda na zauna ciki ina saurayi. Da na yi aure aka mayar da shi wurin zuba buhunan gero da tarkace, bara bayan an gama girbi na kwashe komai na share, na toshe ramukan ɓera da siminti, na shimfiɗa leda da tabarma biyu, kafinta ya buga min kanta mai hawa uku a bango. Nan na jera kayan gem ɗin da muka taso da su. Mai ɗakina ta yi ta dariya, wai mutum da furfura a gemu zai koma wasan yara, ban tanka mata ba.

Duk wanda ya yi yarinta a shekarun 1990 zuwa farkon 2000 ya san abin da nake nufi. Mu nan ƙauye sai mun shiga cikin gari ranar kasuwa ko da salla muke ganin gidan gem, ka ba da 'yan canjinka ka bi layi. Wanda muka fara sani shi ne mai kaset rawaya, a jikin kaset ɗin an rubuta wai wasa dubu ɗari tara da ɗoriya ne a ciki, kana kunnawa ka ga bai fi guda goma ba ake ta maimaitawa. Sai da na girma na gane ashe kwaikwayo ne na injin gem ɗin Famicom wanda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983, wasan Super Mario kuma ya biyo baya a 1985. Daga nan sai Sega da Sonic ɗinsa, sai PlayStation na kamfanin Sony da ya fito a 1994, na biyunsa a 2000, shi ne ya kawo mana ƙwallon Winning Eleven da ta raba abokai da yawa. Yanzu ina da mai kaset ɗin guda ɗaya, da Sega, da PlayStation 2, duk na hannu ne, biyu a Sabon Gari na samo su a Kano ɗaya kuma wani ɗan uwa ne ya tono min a ƙasan gado.

To ga dalilin da ya sa nake kuka da fasa talabijin. Waɗannan injina don ita aka ƙera su. Ka haɗa su da filasma da wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja, hoton sai ya baje ya yi dishi-dishi kamar an shafa masa man gyaɗa, kuma in ka danna maɓalli sai an ɗan jinkirta kafin Mario ya yi tsalle, wanda bai saba ba ba zai lura ba amma hannun da ya saba yana ji. Babban abin ma shi ne bindigar harbin agwagwa, wato bindigar roba da ake haɗawa da mai kaset ɗin a riƙa harbin agwagin da ke tashi a allo. Yadda take aiki, kana jan kunama allon zai yi baƙi na ƙiftawar ido, sai farin tabo ya fito daidai inda agwagwar take, idon da ke bakin bindigar shi ke gane ko ya ga hasken ko bai gani ba. Filasma tana makara wajen nuna wannan, saboda haka ko ka manna bindigar a jikin gilashi ba za ka taɓa samu ba, sai dai karen da ke cikin wasan ya fito ya yi ta maka dariya. A tsohuwar talabijin kaɗai take yi, kuma kusan an daina ƙera irinta, duk wadda aka fasa ta tafi ke nan.

Sannan fasawar kanta ba lafiya ba ce. Gilashin akwai dalma a ciki, kuma ko an zare ta daga wuta cikinta yana iya riƙe wuta mai ƙarfi na wani lokaci. Ni ko murfin baya ba na buɗewa, mai gyara nake kira.

Maganar wuta kuwa a nan na sha wuya. Sega na farko da na saya ashe adaftarsa ta Amurka ce, can wutarsu 120 ce tamu kuma 230, ni ban duba ba mai sayarwa ma bai ce min komai ba, ina sakawa sai ƙara ɗas da warin ƙuna. Laifina ne, rubutun yana nan a jiki ɓaro-ɓaro. Duk wanda zai saya ya juya adafta ya karanta, in ya ga 110 ko 120, ko 100 irin na Japan, to sai ya haɗa da na'urar rage ƙarfin wuta. Haka launi, mu tsarin PAL muke bi, Amurka da Japan NTSC, in injinka na can ne kuma talabijin ɗinka ba mai cin duka biyun ba ce sai ka ga hoto fari da baƙi ka zaci inji ne ya lalace. Mu da yake wuta sai a yi kwanaki ba a kawo ba, sola na dogara da ita, faranti biyu da batir da ƙaramar inbata. Injinan ba su da cin wuta, talabijin ɗin ce mai ci, shi ya sa mai inci 14 nake kunnawa da dare, babbar sai rana ta take.

Sai ƙura. Da hunturu ko ka rufe taga sai ta shiga, don haka kowane inji da ƙyallen da nake lulluɓe shi, kaset da faifai kuma suna cikin bokitin roba mai murfi saboda gara da ɓera. Hura kaset da baki da muke yi da, a daina, damshin baki ne ke sa haƙoransa tsatsa, auduga da ɗan sifirit sun wadatar. Da damina kuma a duba rufi, ɗigo ɗaya ya isa ya kashe maka inji.

Wasu dattawan unguwa sun yi min magana, wai zan tara yara in hana su karatu, kuma ban ga laifinsu ba don mun ga yadda wasu gidajen gem suka koma wurin caca. Na ce musu su zo su gani. Ba na karɓar ko sisi, ba a buɗewa sai Alhamis da Juma'a da yamma da ba a zuwa makarantar allo, ana kiran salla ake kashewa, wanda ya yi zagi ya ajiye fad, wato abin dannawar da ake riƙewa a hannu, ya fita. Yaran nan dama a waya suke wuni kowa shi kaɗai a lungu, ba ka san me yake kallo ba, nan kuwa ga su a gabana su takwas a tabarma ana jiran layi ana ihu. Kawuna da ya fi kowa faɗa ya leƙo ranar nan, na miƙa masa bindiga na ce Kawu gwada mana, ya harbo agwagwa biyu a jere ya ce ai shi da can maharbi ne, bai tashi ba sai da aka kira magariba.

Roƙona ga jama'ar Kano da Jigawa, wanda yake da irin wannan talabijin a ɗaki ko tana yi ko ba ta yi, ya fara cigiya a unguwa kafin ya miƙa wa mai baro, ko ya kai wa masu gyaran rediyo su ajiye don kayan gyara. Ni kaina yanzu fad ɗin Sega na biyu nake nema, na wurina maɓallin tsakiya ya mutu, yara sai karɓa-karɓa suke yi da guda ɗaya.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naka mai karatu a kullum,
daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa.