Ban-ruwan ciyawa da rigimar iyaka tsakanin maƙwabta

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, don Allah ka ɗan sam min fili in yi magana kan wani abu da ake raina shi amma yana raba maƙwabta har a daina gaisawa, wato ban-ruwan ciyawar ado da fulawa a jikin katanga, da rigimar iyaka da ke biyo baya. Na haɗa su ne saboda yawanci da ruwa ake farawa a ƙare a kan fili, kuma ni dai ra'ayina a fili yake, duk wanda ya kunna ruwa shi ke da alhakin inda ruwan ya tafi, sannan a san inda filin kowa ya tsaya tun ana ga-maciji da juna.

Ga yadda abin yake farawa. Mutum ya shuka ciyawa mai kyau, ba laifi ai gidansa ne, sai ya jona tiyo ko abin feshin nan mai juyawa ya kunna ya shige ɗaki ko ma ya fita abinsa, ƙasa ta sha ta ƙoshi sauran ya kwanta a gindin katanga ko ya bi ta ƙarƙashi ya ɓullo gidan maƙwabci. Shi kuma maƙwabcin wata rana ya ga bangonsa ya yi danshi daga ƙasa, fenti yana ɓarewa, filasta tana zuba, wani farin abu kamar gishiri ya fito a jikin bulo, ga sauro ya yi yawa. Ya je ya yi magana a ce masa "ai a filina nake ban-ruwa", shi kuma ya ce "to ina filin naka ya tsaya?" shi ke nan an bar maganar ruwa an koma maganar iyaka, kuma wannan ta fi wuyar kashewa.

Mutane da yawa ba sa lissafin ruwan da suke zubawa wallahi. Masana harkar lambu suna cewa ciyawar ado tana buƙatar ruwa kamar zurfin santimita 2 da rabi a mako, har da na sama a ciki. In ka mayar da shi lita, lita 25 ke nan a kowane murabba'in mita, wato fili mai murabba'in mita 100 lita 2,500 ta ishe shi mako guda cur. To amma tiyo ko abin feshi in an sake shi yana iya zubar da har lita 1,000 a awa ɗaya, kamar yadda kamfanonin ruwa na Ingila suke ta faɗa wa mutanensu duk bazara. Wanda yake kunnawa awa ɗaya kullum ya zuba lita 7,000 a mako, ciyawarsa ta sha 2,500, ina sauran 4,500 ɗin suka tafi? Wani rana ta ƙone shi, wani ya nutse, wani kuma yana gindin ginin wani bawan Allah da bai shuka ko tsinke ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka ma ta ce har rabin ruwan da ake zubawa a waje yana iya tafiya a banza saboda iska da rana da kwarara. Kuma abin takaici yawan ruwan nan ba ya ma amfanin ciyawar, saiwarta ba ta nutsawa ƙasa in kullum saman a jiƙe yake, gara a ba ta sosai sau ɗaya ko biyu a mako da sassafe kafin rana ta ɗaga.

Ɓarnar kuma ba ta fenti kaɗai ba ce. Inda ƙasa ke da laka tana kumbura in ta sha ruwa ta kuma tsuke in ta bushe, to in gefe ɗaya na gini kullum a jiƙe ɗayan a bushe tushen ginin ba ya zama daidai, daga nan sai ka ga tsaga ta fito a bango. Ruwan da ya kwanta kuwa kwana 7 zuwa 10 sun ishi sauro ya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo, kuma yaran gida biyun duka zai ciza. Shi ya sa raina yake ɓaci in na ji ana cewa mai ƙorafi hassada ce ke damunsa don ya ga gidan wani ya yi kore. Akwai mai hassada, ban musa ba, amma mutumin da ya tara kuɗinsa da ƙyar ya yi gini yana kallon bangonsa yana ruɓewa hakkinsa yake nema.

A wasu wuraren hukuma ba ta bar abin a hannun kunya da kara ba. A jihar Kalifoniya ta Amurka lokacin farin da suka yi, a 2014 an haramta ban-ruwan da zai sa ruwa ya kwarara zuwa filin maƙwabci ko titi ko hanyar masu tafiya a ƙasa, tara kuma tana iya kaiwa dala 500 a rana. A shekarar dai aka hana ƙungiyoyin masu gidaje na unguwa cin tarar wanda ya bar ciyawarsa ta bushe saboda fari, don a can akwai rigima ta ɗaya gefen, maƙwabta su kai ƙararka wai ciyawarka ta yi ja ta ɓata musu layi. A 2015 kuma gwamna Jerry Brown ya ba da umarnin birane su rage amfani da ruwa da kashi 25 cikin 100. Abin da ya burge ni a dokar farkon shi ne ba ta tsaya tambayar niyyar mutum ba, ruwanka ya fita daga filinka ko bai fita ba, magana ta ƙare.

Sai dai fa shi ma mai ƙorafin yana da nasa. Wani ba zai je ya sami maigidan ba sai ya tsaya ta saman katanga yana zagin mai kula da lambu wanda aiki kawai aka sa shi, wani ya yanke tiyo da dare, wani ya ɗauki hoto ya watsa a guruf ɗin unguwa na WhatsApp kafin ma ya yi wa mutumin sallama, to wa zai saurare ka bayan ka kunyata shi a bainar jama'a? Kuma kafin ka ɗora wa wani laifi ka kira mai gyaran famfo ya duba ko bututunka ne ke yoyo a cikin bango, don danshi yana da hanyoyi da yawa.

Yanzu maganar iyaka, wadda ita ce uwar rigimar. Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne ɗaukar katanga ko shinge a matsayin iyaka. Sau da yawa mai gini yana ja baya da rabin mita ko fiye don ya bar wa ruwan rufinsa hanya ko don ya samu wurin kafa tsani in zai yi gyara, sai maƙwabci ya ga ɗan zirin nan ba kowa ya shuka fulawa yana ba ta ruwa, shekara ta bi shekara, mai filin ya yi shiru don kunya, iyaye su rasu ko a sayar da gidan, waɗanda suka zo daga baya kowa ya rantse nasa ne kuma kowa da gaskiyarsa yake rantsuwa don abin da ya tashi ya gani ke nan. Shirun nan da ake yi da sunan zaman lafiya shi ne ke haifar da shari'a a hannun 'ya'ya. A dokar Ingila wanda ya riƙe fili marar rajista shekara 12 yana amfani da shi kamar nasa ba tare da izini ba yana iya mallake shi, in mai rajista ne bayan shekara 10 yana iya nema amma sai an sanar da mai shi ya samu damar ƙin yarda. Kowace ƙasa da tata dokar, amma wannan ya isa ya nuna cewa barin abu haka nan yana da sakamako. Da an rubuta 'yar takarda layi uku cewa na ba ka aron wurin nan ka shuka fulawa amma nawa ne, kowa ya sa hannu da shaidu, da duk wannan bai taso ba.

Ko taswirar da ke jikin takardar fili ba kullum take raba gardama ba. Ofishin rajistar filaye na Ingila da kansa yana cewa taswirarsa iyaka ce ta gaba ɗaya ba ainihin layin ba, kuma a taswirar birni mai ma'aunin 1 zuwa 1,250 milimita ɗaya a takarda mita ɗaya da kwata ce a ƙasa, ke nan kaurin layin biro kaɗai ya kai faɗin wurin da ake faɗa a kansa. Shi ya sa ba a raba wannan da nuna yatsa ko da tef ɗin birkila, sai safiyo mai lasisi ya zo ya auna ya nemo turakun iyaka ko ya kafa sababbi, kuma ya fi kyau su biyun su ɗauko mutum ɗaya su raba kuɗin, su tsaya tare ana aunawa, don in kowa ya kawo nasa an ƙara rigima ta uku. Wanda kuma ya tumɓuke turke ya matsar da shi da dare ya ji tsoron Allah, hadisi ingantacce ya la'anci mai canja alamar ƙasa, wani kuma ya ce wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi har ƙasa bakwai ranar ƙiyama.

Bishiya ma haka, a dasa ta dab da katanga tana ƙarama ana ta ba ta ruwa, bayan wasu shekaru saiwa ta ɗaga daɓe reshe ya rufe tagar wani. Kotu kuwa ina ganin a bar ta ta zama matakin ƙarshe, don kuɗin lauya da zirga-zirga sau tari ya fi ƙimar zirin filin nesa ba kusa ba, kuma ko ka ci shari'ar gobe da safe mutumin nan za ka fara gani in ka buɗe ƙofa. A Ingila ma mai sayar da gida sai ya cika fom ya bayyana ko yana da rigima da maƙwabci, ka ga rigimar har darajar gidan take ragewa.

Roƙona gare ka Malam Edita shi ne ku ware shafi ko da sau ɗaya ne ku gayyato safiyo da lauya da injiniyan gini su amsa tambayoyin masu karatu da harshen da kowa zai gane. Su gaya mana tazarar da ya kamata a bari tsakanin shuka da bango, wa zai biya gyara in ruwan wani ya lalata ginin wani, katangar da ke tsakanin gida biyu ta wa ce kuma wa ke da ikon ɗora gini a kanta, sannan ina mutum zai fara kai kuka kafin a kai ga kotu. In kun sa ranar ku sanar da wuri don mu turo tambayoyinmu.

Wassalam,
Naka mai karanta jaridarku a kullum.